Gine-ginen Bakin Kwara, Daga Birnin Yawuri Zuwa Warra

Wanda duk ya taɓa sauka Warra ran kasuwa, ya tsaya a gaɓa ya dubi yamma, ba abin da zai gani sai ruwa shimfiɗe har iyakar ganinsa, da jirage suna tasowa daga hayin Bargu ɗauke da mutane da kaya. Baƙo ya kan zaci haka wurin nan ya ke tun fil azal. Alhali kuwa waɗansu daga cikin masu tuƙa jiragen nan sun girmi tafkin, gama sai cikin 1968 aka tsare kogin Kwara a Kainji, ruwa ya komo da baya ya haye tsibirai da fadamu da garuruwa. Ƙarƙashin inda jiragen ke bi akwai kufan gidaje da rumbuna da ganuwa da makabartu. Labarin waɗannan gine-gine mu ke so mu ba masu karatu, da na mutanen da suka gina su.

Sai dai tun da fari mu faɗi wuyar da ke cikin abin. A waɗansu ƙasashe mai neman tarihin gini ba ya shan wahala ƙwarai. A garin Salem, bakin teku a ƙasar Amurka, akwai wani gidan katako da wani mai jiragen ruwa ya gina cikin 1668, yana nan tsaye har yau, mutane na biyan kuɗi su shiga su duba yadda masassaƙan wancan zamani su ke haɗa ginshiƙi da ginshiƙi. Mu namu ginin na ƙasa ne da ciyawa. Ɗakin da aka bari damina biyu ko uku ba yaɓe, ba sabuwar jinka, ya kama hanyar komawa inda aka ɗebo shi. Abin da ya daɗe a ƙasar Yawuri shi ne sanin yadda a ke yin ginin, wanda ɗa ke ɗauka wurin uba, ɗiya wurin uwa. Ya kuwa daɗe, domin masu tonon kufai da suka yi gaggawar bincike kafin ruwa ya zo sun tone wani tudu kusa da Yelwa, suka sami tukwane da ƙarfe da 'yan siffofin yumɓu na mutanen da suka zauna wurin fiye da shekara 1,000 da suka wuce. Irin tuddan nan na bakin kogi da yawansu ba halitta ba ne. Ɗaki ne ya faɗi, aka baje shi aka gina wani bisa kansa, wannan kuma ya faɗi aka sake, yau da gobe har wurin ya zama tudu.

Kafin a tsare shi, kogin nan tsakanin Yawuri da Busa ba zare ɗaya ba ne. Ya rarrabu, ya bar tsibirai masu yawa a tsakiya, manya da ƙanana, babban cikinsu shi ne Foge. Tsibiri a bakin mutanen wurin gungu ne, shi ya sa Hausawa suka kira mazaunansa Gungawa, ko da ya ke su Reshe su ke kiran kansu. Ban da su akwai Lopawa da Larawa a bakin ruwa, da Shangawa ta arewa, da Kambari a tudu wajen Ngaski, da Sarkawa masu su, da Yawurawa masu sarauta. Kogin kuma cika biyu ya ke yi a shekara. Akwai farin ruwa, mai laka, wanda ruwan saman ƙasarmu ke kawowa da damina. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda ke tasowa tun daga duwatsun Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun Masina, ba ya isowa sai da hunturu, sa'ad da ko gajimare babu a sama. Wanda zai kafa gida a gungu dole ya san iyakar kowannensu, in ba haka ba ya kwana a ɗaki ya tashi a jirgi.

To, mu fara da babban birni. Cikin watan Yuni na 1830 waɗansu Turawan Ingilishi biyu, wa da ƙane, Richard Lander da John Lander, suka iso Birnin Yawuri. Asalin tafiyarsu neman inda Kwara ta faɗa teku ne, amma suka ratso nan don su nemi takardun Mungo Park, Baturen da ya wuce ta Yawuri cikin jirgi shekara 24 kafin su, ya halaka a duwatsun Busa. Takardu dai ba su samu ba, Sarki kuma ya riƙe su wajen mako 5 yana yi musu gobe-jibi. Amma zaman nan ya amfane mu, gama sun rubuta abin da suka gani. Sun ce birnin yana da ganuwa doguwa mai kyau, ta ƙasa zalla, da manyan ƙofofi 8, sun kuma ƙiyasta kewayenta mil 20 zuwa 30. A ganinmu sun yi wa lissafin nan ƙari, irin na matafiyi wanda bai auna da igiya ba, domin ganuwar Kano ma duk girmanta ba ta kai haka ba. Duk da haka ragowar ganuwar da ramin gefenta suna nan a Birnin Yawuri, kamar mil 8 daga Yelwa, wanda ya bi su da ƙafa zai san ba ƙaramin gari aka yi a wurin ba.

Abin da ya fi jan hankalinmu cikin labarinsu shi ne gidaje. Sun ce yawancin ɗakunan birnin zagayayyu ne, kaɗan ne masu kusurwa huɗu, amma gidan Sarki da na waɗansu manyan gari benaye ne, da matakala mai kauri ta ƙasa wadda a ke hawa zuwa ɗakunan bisa. Wanda bai san gini ba sai ya wuce maganar nan. Magini kuwa ya san abin da ke cikinta. Kafin a ɗora ɗaki bisa ɗaki da ƙasa, sai an kwaɓa ta da ciyawa an bar ta ta ruɓa kwana da kwanaki, ana zuba ruwa ana tattakawa. Sa'an nan a mulmula tubali da hannu, gindi faffaɗa kai tsini, a shanya a rana. A jera shi a tsaye cikin laka, gindin bango da kauri ƙwarai, yana hawa yana sirancewa. Kana a zo ga rufi, nan ne a ke gane gwani. Azara daga giginya a ke tsaga ta, namijin ya fi, gara ba ta cinsa da sauƙi. Amma azara ɗaya ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in faɗin ya wuce kamar ƙafa 6. Saboda haka in ana son ɗaki mai faɗi sai a riƙa fito da azara daga cikin bango kaɗan-kaɗan, wannan bisa wannan, ana ɗaurewa ana lulluɓewa da laka, har hannu biyu su gamu a sama, shi ne bakan gizo. Da irin wannan dabara Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarki Abdulkarim, 'yan shekaru kaɗan bayan zuwan su Lander. Bayan rufi sai a shafe soro da makuba, watau ruwan ɓawon ɗorawa, a kafa indararo don ruwan sama ya zuba nesa da bango.

Ruwan saman Yawuri ya fi na Kano da Katsina, ga kuma raɓar kogi. Soro a nan ba ya yafe wa mai sakaci. Wanda ya gina bene a irin ƙasar nan ya ɗaukar wa kansa biyan magina kowace shekara, saboda haka bene shaidar dukiya ne. Dukiyar kuwa daga hanya ta ke. Fataken goro masu zuwa Gwanja daga Kano da Katsina ta ƙasar Yawuri da yawansu ke ƙetare Kwara, da jakunansu da kanwa da tufafi, su biya kuɗin fito, su sayi guzuri, su yi kwanaki a masauki. Inda fatake ke sauka kuwa can masu sana'a ke bi.

Amma mu bar birni mu koma ruwa, gama can ne ginin da ba a samunsa a Kano. Da su Lander suka komo ta jirgi cikin watan Agusta, sun yi ta wuce ƙauyukan tsibirai da na gaɓa. Dukan mutanen wurin Kambari suka kira su, ko da ya ke muna tsammani da Gungawa da Lopawa a ciki, baƙo ba ya rarrabewa. Sun ga 'yan ɗakunan kwana zagayayyu, ƙanana, waɗanda ba su taɓa ƙasa ba, an ɗora su bisa ginshiƙai, bangonsu siriri, ƙofarsu 'yar kafa wadda mutum ke kutsawa ya ja tabarma ya rufe. Dalilin ɗaga su kuwa a fili ya ke ga wanda ya taɓa kwana a gungu: danshi, da tururuwa, da macizai, da kada mai hawowa tudu da dare. Su Turawan abin ya ba su dariya. Mu kuwa da muka duba sai muka ga rumbu ne aka yi wa mutum. Wanda ya san yadda zai tsare gero daga gara da danshi ya juyo da sanin nan ya tsare kansa.

Irin ginin nan ba tubali a cikinsa. Curin laka a ke azawa bisa curi, zagaye-zagaye, ana latsawa da tafin hannu ana shafewa, kamar yadda mai ginin tukunya ke yi. In an yi sahu biyu ko uku sai a dakata ya sha iska, gobe a ɗora. Wanda ya yi gaggawa bango ya zauna masa. Zagayen shi ne ƙarfinsa, shi ya sa bango siriri ke iya tsayawa ba tare da kusurwar da za ta tsage ba. Jinka kuma a ƙasa a ke haɗa ta. A ɗaure tsaiko da gora ko gwangwala, a yanta shuci a naɗe kamar tabarma, a bi tsaikon da shi daga ƙasa zuwa sama, sahu na rufe sahu, har a ɗaure kai. Sa'an nan a kira maƙwabta, su ɗauka gaba ɗaya da kuwwa su ɗora bisa bango. Daɓe na mata ne, su zuba tsakuwa su yayyafa makuba, su yi ta bugu da maɗaɓi suna waƙa har ƙasa ta yi santsi. Cikin dukan wannan ba abin da a ke saye da kuɗi, in ban da abincin 'yan gayya. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Jirginsu ma abin dubawa ne. Manyan itatuwa irin na kurmi babu su a nan, sai su maɗaci da kawo. Su Lander sun ga jiragen Yawuri an yi su da gungume biyu, an fafe kowanne, an haɗa su baki da baki an ɗinke da igiya mai kauri, an cusa ciyawa a maɗinkin don kada ruwa ya shiga. Jirgi ɗinkakke ya kan yi yoyo, dole yaro na zaune yana kwalfewa, amma ya ishi mai ƙetarawa daga gungu zuwa gaɓa.

Cikin tafiyar nan ne suka biyo ta Warra ran kasuwa, suka ce ita ce kasuwar da ta fi suna cikin ƙasar Ngaski. Garin kansa unguwanni ne 'yan tsibi-tsibi, da gajeriyar ganuwa ta ƙasa kewaye da su, amma mutane dubbai ke cin kasuwar, daga Yawuri da Busa da Wawa, jirage na kai da kawowa ba iyaka. Wanda ya san Warra ta yau sai ya yi murmushi, don garin ya tashi daga inda ya ke, kasuwar kuwa ta bi shi da jiragenta.

Birnin Yawuri bai daɗe cikin girman nan ba. Wajen tsakiyar ƙarni na 19 rikicin sarauta ya tashi tsakanin 'yan gida, birni ya watse, sarauta ta koma tsibirin Ikum, inda ruwa ya zama ganuwa. Daga gabas kuma ga Umaru Nagwamatse ya kafa Kwantagora, shi da ɗansa Ibrahim suka yi shekaru suna kai hari ƙasar Kambari suna kwasar bayi, mutane suka yi ta gudu zuwa duwatsu da tsibirai. Cikin 1888 Sarki Abdullahi Abarshi ya fito da sarauta daga ruwa ya zauna Yelwa. Watau cikin shekarun da ba su kai 50 ba fadar Yawuri ta zauna wuri uku. Ba wanda ya ɗauki bango ya tafi da shi, ba kuma wanda ya jira a gina masa. Inda duk aka sauka akwai laka da ciyawa da giginya, ga hannun da ya san su. Rani ɗaya ya isa a ta da unguwa.

Tashin da ya bambanta da sauran shi ne na Kainji. An fara ginin madatsar cikin 1964, don a sami wutar lantarki, aka toshe ruwa cikin watan Agusta na 1968, aka yi bikin buɗewa cikin 1969. Tafkin da ya taru tsawonsa ya kai mil 85, faɗinsa wajen Foge kamar mil 15. Ya ci tsohuwar Busa, ya ci tsohuwar Warra, ya ci Foge da yawancin tsibirai. Mutanen da aka tayar wajen 44,000 ne, daga ƙasar Yawuri da ta Bargu, a nan zamanin Sarkin Yawuri Muhammadu Tukur. Cikin shekarun nan daidai, 1964 zuwa 1968, a Masar ana yanka ɗakunan dutse na Abu Simbel gunduwa-gunduwa ana hawa da su tudu, don kada tafkin Aswan ya ci su, ƙasashen duniya na tara kuɗin aikin. Ginin laka ba ya yankuwa, ba kuma wanda ya tara masa kuɗi.

Da fari hukumar aikin ta yi niyyar biyan diyya, kowa ya gina nasa. Abin bai yi sauri ba. Mutane da yawa ba su gaskata ruwa zai hau inda kakanninsu ba su taɓa ganinsa ba, kuɗi kuwa in ya shiga hannu yana da hanyoyi da yawa. Da aka ga lokaci na ƙurewa sai aka sake shawara, aka ce 'yan kwangila su gina wa kowa. Baturen da ya tsara gidajen sunansa Robin Atkinson. In za a yi adalci, mutumin nan bai raina ginin da ya tarar ba. An bi ƙauyuka an ƙidaya ɗakuna, an duba yadda kowace kabila ke jera gidanta, aka yi ƙoƙari a mayar wa kowa ɗaki a madadin ɗaki, da zaure da tsakar gida, har da zagayayyun ɗakuna inda aka saba da su. Amma bangon na bulo ne na yashi da sumunti, rufin kuma na asbesto ne, lanƙwasasshe kamar bayan kunkuru. An yi aikin da gaggawa, ƙarshensa ma cikin yaƙin basasa, wanda ya tashi cikin 1967.

Ba mu ce gidajen nan ba su da kirki ko kaɗan ba. Gobara ba ta cinsu kamar jinka, da yawansu kuma sun haura shekara 50 suna tsaye. Amma waɗanda suka shiga sun yi kuka da su tun shekarar fari, kukan kuwa yana da dalili. Laka mai kauri da ciyawa suna tsare zafin rana, su kuma riƙe ɗumi da hunturu. Siririn rufin asbesto da rana tanderu ne, da dare cikin sanyi kuma ba ya riƙe kome. Tsohuwa ta saba hura wuta a ɗaki, hayaƙi ya kori sauro ya bi ta cikin ciyawa ya fita, nan kuwa ba shi da mafita sai ƙofa. Likitoci ma sun tabbatar ƙurar asbesto, in ya farfashe aka shaƙa, tana ɓata huhu. Babban abin duka shi ne wanda muka ce ku riƙe. Gidan ƙasa da iyali ya ke girma. Yaro ya isa aure, a kira gayya a ta da ɗaki, bango ya tsage, mai gida ya kwaɓa laka bayan la'asar ya toshe. An ƙidaya ɗakuna bisa yawan mutanen wancan lokaci, aka daskarar da lissafin cikin sumunti. Ran da rufi ya fashe, mutumin da kakanninsa ba su taɓa sayen rufi ba ya tsaya yana dubansa, ba shi da abin gyara a fadama ko a daji, sai a kanti, da kuɗi. Ga shi kuma an raba shi da gonar albasarsa ta gungu, wadda ya ke ba ruwa da ƙwarya, wadda ita ce ke kawo masa kuɗin.

Jirgi ma ya sake. Ɗinkakken gungume ba ya iya igiyar ruwa mai faɗin mil 15, sai aka koma manyan jiragen katako masu inji, waɗanda kafintoci ke bugawa da ƙusa a gaɓa. Suna ɗaukar kaya ƙwarai, amma suna tsufa, ga kututturan itatuwan da ruwa ya haye suna nan a ɓoye. Ran 26 ga Mayu 2021 wani irin jirgin nan da ya taso daga hayin Jihar Neja zai zo Warra, ɗauke da mutane fiye da 150, ya tsage a tsakiyar ruwa, kaɗan ne suka tsira. Allah ya jiƙansu.

Mutanen da aka tayar dai ba su zauna suna kallon bulo ba. Ba a daɗe ba suka fara ta da ɗakunan ƙasa da jinka a gefen na gwamnati, har ya zama ƙauye ɗaya gini biyu. Wanda ya zaga ƙauyukan bakin tafki wajen Warra zai ga tsofaffin rufin nan masu launin toka, waɗansu da mutane a ciki, waɗansu an bar wa awaki ko an mai da su wurin ajiya, ga zagayayyun ɗakuna kewaye da su. Masu hali yanzu bulo da kwano su ke so, kamar ko'ina, samari kuma kaɗan ne ke tsayawa su koyi yantar shuci.

Gini ɗaya ne sumunti bai karɓe ba, shi ne rumbu. Hatsi a ɗakin sumunti ya kan yi gumi ya ɓaci, manomi kuwa ba ya wasa da wannan. Har yanzu in damina ta ɗauke, dawa ta kusa shiga gida, za ka ga dattijo ya jera duwatsu a tsakar gida, ya shimfiɗa itace bisa kansu ya yi gindi, ya kama aza curin laka zagaye-zagaye, sahu biyu yau, sahu biyu gobe, cikin rumbun na buɗewa kamar tulu sa'an nan ya tsuke wajen wuya. Jikansa na miƙo masa laka daga ƙasa. In ya bushe a ɗora masa 'yar jinka, a zuba dawa ta sama, a rufe baki da laka sai ran buƙata.